Me ya sa bututun ruwan motar gida ke fashewa a hunturu alhali cikin ɗakin da ɗumi?

Yaya aka yi mutum zai kwana cikin motar gida da ɗumi, har ya yaye bargo da tsakar dare, amma gari ya waye ya murɗa famfo ko ɗigo bai fito ba? Kuma me ya sa sau da yawa ba a ganin ɓarna a daren da sanyin ya sauka, sai bayan kwana ɗaya ko biyu, rana ta fito, sannan ruwa ya fara tsattsafowa daga ƙarƙashin daɓe? Duk shekara da hunturu ya kama a Amurka da Kanada da Turai, masu irin waɗannan motoci sukan koma kan waɗannan tambayoyi, kuma amsoshin da ke yawo a bakin mutane rabi gaskiya ne, rabi kuma su ne ke jawo asarar.

Maganar ta ƙara ƙarfi tun watan Fabrairun 2021, lokacin da wani sanyi da ba a saba gani ba ya sauka a jihar Texas da ke kudancin Amurka. A yankin birnin Dallas ma'aunin Selshiyas ya kai digiri 19 ƙasa da sifiri, wutar lantarki ta ɗauke a gidaje sama da miliyan 4. Texas na cikin jihohin da masu motar gida daga arewacin Amurka da Kanada ke gudu zuwa don su tsere wa hunturu, don haka da yawansu ba su yi wani shiri ba. Sanyin da suka baro a gida ya biyo su har inda suka yada zango.

Mece ce motar gida, kuma ina ruwanta yake zama?

Motar gida ita ce abin hawan da aka gina ɗaki a cikinsa, da gado da kicin da banɗaki. A Amurka ana kiranta RV. Wata tana da injinta, ana tuƙa ta kamar bas, wata kuma tirela ce da ake ja da wata mota. Mafi yawan na Amurka ana ƙera su ne a yankin Elkhart na jihar Indiana, kuma a shekarar 2021 kaɗai masana'antun ƙasar sun fitar da sama da 600,000. Wasu na hawa don hutu, wasu kuwa ita ce gidansu ɗungurum.

Ruwan cikinta kashi uku ne. Akwai tankin ruwa mai tsabta na sha da wanka. Akwai tankin ruwan wanke-wanke, inda ruwan kicin da na wanka ke taruwa. Akwai kuma tankin bahaya. Tsakanin waɗannan akwai ɗan injin tura ruwa mai aiki da batir, da tukunyar ɗumama ruwa wadda yawanci ke ɗaukar lita 23 ko 38, da siraran bututu masu kaurin rabin inci da suka ratsa bayan kabad da ƙarƙashin daɓe. Idan an tsaya a sansani mai famfo, akan jona tiyo daga famfon zuwa jikin motar.

Bambancinta da gidan ƙasa shi ne tushen matsalar. A ƙasashen sanyi ana binne bututun gida can ƙasa inda ƙanƙara ba ta kaiwa, kuma bangon yana da kauri. Motar gida kuwa a kan taya take, iska na ratsa ta sama da ƙasa da gefe huɗu. Bangonta bai fi inci biyu ba a yawancin lokuta. A motocin Amurka da dama, tankunan a rataye suke a ƙarƙashi, wato a wajen ɗakin da ake ɗumamawa. Saboda haka ɗumin da mai kwana yake ji a jikinsa ba ya nuna komai game da halin da bututun ke ciki inci shida a ƙarƙashin ƙafarsa.

Ba ƙanƙarar ce ke fasa bututu ba, yadda ake zato

Kowa ya san ruwa na daskarewa a digiri sifiri a ma'aunin Selshiyas, wato 32 a ma'aunin Farenhait da Amurkawa ke amfani da shi, kuma idan ya daskare yakan kumbura da kusan kashi 9 cikin 100. Daga nan mutane ke ɗauka cewa ƙanƙarar ce ke tura bangon bututu gefe da gefe har ya tsage a daidai inda ta tsaya. Hakan na faruwa, amma ba shi ne ya fi yawa ba.

A shekarun 1990 masu bincike a Jami'ar Illinois sun yi gwaji kan fashewar bututun gidaje, suka nuna cewa abin da ke faruwa ya sha bamban. Ƙanƙara takan fara toshe wuri guda, inda ya fi sanyi. Daga nan sai ta riƙa girma tana bin tsawon bututun. Ruwan da bai daskare ba, wanda ya maƙale tsakanin wannan toshiya da rufaffen famfo, ba shi da inda za shi. Ruwa kuwa ba ya matsuwa. Duk ƙaruwar ƙanƙarar sai matsin ya hau, har ya nemi wuri mafi rauni ya fasa. Shi ya sa akan sami tsagar a wurin da ko ƙanƙara ba ta taɓa ba.

Wannan bayani ya warware abubuwa biyu. Na farko, ya nuna dalilin da ya sa barin famfo a buɗe ke ceton bututu ko da ya daskare: matsin ya sami hanyar fita. Na biyu, ya nuna abin da ke karyewa a motocin zamani. Bututun da ake sa musu yanzu na roba ne mai suna PEX, ja na ruwan zafi, shuɗi na ruwan sanyi, kuma yana iya ɗan buɗewa ya koma. Masu sayar da mota na son faɗin haka, kuma ba ƙarya suke yi ba. Sai dai bututun ba shi kaɗai ne a layin ba. Mahaɗan da ke kusurwa, da bawul ɗin da ke bayan masai, da kan injin tura ruwa, da kwanon matatar ruwa, da famfon wanka na waje, duk roba ce mai tauri wadda ba ta san miƙewa ba. Su ne ke tsagewa. Bawul ɗin masai musamman ya yi suna wajen wannan, domin yana riƙe ɗan ruwa a cikinsa ko an zubar da na sauran layin.

Dalilin da ya sa ba a ganin ɓarnar nan take kuwa shi ne ƙanƙarar kanta ta toshe tsagar. Sai ta narke, injin ya tura ruwa, sannan yoyo ya fara, galibi a bayan bango ko ƙarƙashin daɓe inda ido ba ya kaiwa. Mahaɗar da ta tsage ba ta da wani tsada. Katakon daɓen da ya sha ruwa na makonni ya ruɓe shi ne ke cinye kuɗi.

Digiri nawa ne haɗari, kuma na awa nawa?

Mutane na son a ba su lamba guda, amma lambar ita kaɗai ba ta isa ba. Binciken Illinois ya gano cewa a gidajen kudancin Amurka matsala na farawa ne idan sanyin waje ya kai kusan digiri 7 ƙasa da sifiri. Na ga ana ɗauko wannan lamba ana liƙa wa motar gida, kuma kuskure ne. An auna ta ne a gini mai bango da rufi, ba a akwatin da iska ke bi ta ƙarƙashinsa ba.

Abin da ya kamata a lissafa shi ne yawan ruwa da tsawon lokaci. Kafin lita ɗaya ta ruwa mai digiri sifiri ta zama ƙanƙara, dole ta rasa zafi mai yawa, daidai da wanda za ta rasa idan ta huce daga digiri 80 zuwa sifiri. Don haka cikakken tanki mai lita 150 zai iya kwana cikin sanyi bai daskare ba, alhali tiyon da ke shimfiɗe a ƙasa, mai ɗan ruwa kaɗan da faɗin jiki a fili, zai sandare cikin 'yan awoyi. Tsarin kusan kullum ɗaya ne: tiyo da famfon sansani su ne na farko, sai bawul ɗin zubar da ruwa da ke leƙowa ƙarƙashi, sai bututun da ke jikin bangon waje, tanki ne na ƙarshe.

Daren da ma'auni ya sauka digiri 1 ko 2 ƙasa da sifiri gab da asuba, rana kuma ta fito ta ɗumama gari, da wuya ya yi wa cikin motar da ake zaune a ciki lahani, in dai an cire tiyo. Abin tsoro shi ne ranar da ko da tsakar rana ma'aunin bai haura sifiri ba, domin a nan babu lokacin da abin da ya fara daskarewa zai narke, kowane dare yana ɗorawa kan na jiya.

Ga kuma batun iska. Masu hasashen yanayi kan ba da lamba biyu, ta ainihin sanyi da ta yadda jiki ke jin sa idan iska na kaɗawa. Iska ba ta iya sanyaya bututu ƙasa da ainihin sanyin gari. Idan ma'auni na kan digiri 2 sama da sifiri, ko wace irin iska ake yi ruwa ba zai daskare saboda ita ba. Amma idan an riga an sauka ƙasa da sifiri, iska na kwashe ɗumin ƙarƙashin mota da sauri ƙwarai. Shi ya sa tafiya a kan babbar hanya cikin sanyi ta fi tsayuwa haɗari, kuma mutane da dama a kan hanya bututunsu ke daskarewa, ba a sansani ba.

Hanya biyu ce kawai, kuma a tsakaninsu ake asara

A ganina duk shawarwarin da ake bayarwa sun koma ga zaɓi ɗaya. Ko dai a fitar da ruwan gaba ɗaya daga cikin motar, ko kuma a tabbatar ɗumi na kai wa kowane wurin da ruwa ke zaune, dare da rana, ba yankewa. Kowace daga cikin biyun na aiki. Wanda ke asara shi ne mai tsayawa a tsakiya: ya zubar da tanki amma ya bar ruwa a tukunya, ko ya kunna ɗumi da dare ya kashe da safe ya fita yawo, ko ya bar motar a ajiye da hita a kunne yana dogaro da cewa wuta ba za ta ɗauke ba. Abin da ya faru a Texas ya nuna ƙarshen wannan dogaro.

Idan za a ajiye motar: iska ko ruwan hana daskarewa?

Matakin farko babu saɓani a kansa. A zubar da tankuna uku. A kashe tukunyar ɗumama ruwa, a bari ta huce, a sauke matsinta, sannan a kwance murfin ƙasa ta tsiyaye. Kada a kwance ta da zafi, ruwan na iya feso wa mutum. A buɗe duk famfuna, a buɗe ƙananan bawul biyu na can ƙasa da aka yi domin tsiyayar da layin. A cire matatar ruwa. Bayan haka ne ake rabuwa gida biyu, domin tsiyaya kaɗai ba ta fitar da ruwan da ke kwance a lanƙwasa da kwari.

Ɓangare na farko na amfani da injin iska. Ana jona shi a bakin da tiyo ke shiga, a saita matsin tsakanin 30 zuwa 40 a ma'aunin da ake auna iskar taya da shi, a riƙa buɗe famfo ɗaya bayan ɗaya har ruwa ya daina fita sai iska. Hujjarsu ita ce babu wani sinadari da ya shiga layin ruwan sha, babu ɗanɗano ko wari da za a yi fama da shi idan bazara ta zo, kuma mai yawan fita hutu a tsakiyar hunturu zai iya maimaitawa cikin minti kaɗan duk lokacin da ya dawo. Rauninsu shi ne iska na iya bi ta saman ruwa ta wuce, ɗigon da ya rage a bango ya gangaro ya taru a wuri guda. Kuma iskar ba ta ratsa cikin injin tura ruwa.

Ɓangare na biyu na cika layin da ruwan hana daskarewa na motar gida, wanda aka fi sani da launinsa na ruwan hoda. Ana sa injin tura ruwa ya zuƙo shi daga jarka, a buɗe kowane famfo, na zafi da na sanyi, har launin ya fito. Lita 8 zuwa 11 kan isa yawancin motoci, muddin an juya bawul ɗin da ke sa ruwa ya kewaye tukunyar ɗumama ruwa bai shiga cikinta ba. Wanda ya manta da wannan bawul sai ya cika tukunya mai lita 23 da shi kafin ɗigo ya kai famfo.

Abubuwa biyu ake yawan fahimta a karkace a nan. Na farko ya shafi rai. Wannan ruwa ba irin wanda ake zuba wa lagireton mota ba ne. Na injin mota yawanci sinadarin etilin gilaikol ne, guba ne mai lalata ƙoda, yana kashe mutum da dabba, kuma yana da zaƙi, abin da ke jan yara da karnuka. Na motar gida ana yin sa ne da furofilin gilaikol, ko barasar etanol, ko haɗinsu. Launi kaɗai ba shaida ba ne, domin akwai na inji mai kama da ruwan hoda. A karanta jikin jarkar.

Na biyu shi ne lambar da ke jikin jarkar. Akan rubuta 50 ƙasa da sifiri a Farenhait, kusan 46 ke nan a Selshiyas. Mutane kan ɗauka ruwan zai zauna a narke har zuwa wannan sanyi, sai su firgita idan suka ga ya yi kauri ya fara ƙanƙara-ƙanƙara tun sanyi bai kai ko kusa ba. Lambar tana nufin iyakar da zai kai bai kumbura ya fasa bututu ba. Kaurinsa ba laifi ba ne. Abin da ke rage masa ƙarfi shi ne gauraya da ruwan da aka bari a layin, don haka ba a sirka shi.

Ni dai ina tare da masu haɗa biyun a duk inda hunturu ke da tsanani: a fara da iska, a bi da ruwan hoda. Kuma ko wanda ya tsaya kan iska kaɗai ba zai tsira daga sayen jarka ɗaya ba, domin akwai lanƙwasar da ke ƙarƙashin kowane wurin wanke hannu da wurin wanka, wadda aka yi ta don ta riƙe ruwa ta hana wari dawowa. Iska ba ta kai wa nan. Sai an zuba kofi ɗaya ko biyu a kowace, a kuma zuba kaɗan a kwanon masai don robar bakinsa kada ta bushe.

Idan za a zauna a ciki: tarkon hitar lantarki

Nan ne amsar tambayar farko take. Yawancin motocin Amurka na da injin ɗumama ɗaki mai ƙona gas ɗin furofen, da fanka mai tura iska mai zafi ta cikin bututun iska. A motocin da aka rufe ƙarƙashinsu, ɗaya daga cikin waɗannan bututun iska na sauka ne zuwa inda tankuna suke. Wato duk lokacin da injin ya tashi, ƙasa ma na samun rabonta.

Amma gas na da tsada kuma yana ƙarewa da wuri. Tukunyar gas mai kilo 9, idan injin matsakaici ne kuma yana ci ba tsayawa, ba ta wuce awa 14 ko makamancin haka. A tsananin sanyi mutum zai iya shanye ta cikin kwana biyu ko uku. A sansanoni da yawa kuwa kuɗin wuta na cikin kuɗin wuri. Sai mutum ya sayo ƙaramar hitar lantarki ya ajiye a tsakar ɗaki. Ɗakin ya yi ɗumi, na'urar da ke tayar da injin gas ta ji ɗumin, ta ƙi tayar da shi. Sama na digiri 22, ƙasa kuma babu ko ɗigon zafi da ke sauka. An gudu daga gara an faɗa gidan zago. Lissafin mai yin hakan ba na wauta ba ne, kuma babu wanda ya gaya masa lokacin da ya sayi motar cewa injin gas ɗin aiki biyu yake yi. Maganin shi ne idan an sauka ƙasa da sifiri a bar injin gas ya zama shi ne babba, hitar ta zama mataimakiya, a nesanta ta da na'urar auna ɗumin.

Injin gas ɗin kansa na dogaro da batir, domin fankarsa da wutar batir take juyawa, kuma tana iya shanye batir ɗaya a dare guda idan ba a jone da lantarki ba. Sanyi kuma na rage ƙarfin batir. Batirin gubar da ya sauka ƙwarai na iya daskarewa a kusan digiri 7 ƙasa da sifiri, alhali cikakke na jure sanyin da ya ninka wannan sau da yawa. Batirin litiyam kuwa bai kamata a yi masa caji ba idan jikinsa na ƙasa da sifiri, sai in yana da abin ɗumama kansa. A Birtaniya da sauran Turai akwai ƙarin tarko: da yawa na amfani da gas ɗin butan a lokacin zafi, shi kuwa yana daina tashi daga tukunya da zarar an kusanci sifiri. Furofen na ci gaba da tashi har kusan digiri 42 ƙasa da sifiri, shi ne gas ɗin hunturu.

Sauran dabarun ƙanana ne amma suna tasiri. A bar ƙofofin kabad na ƙarƙashin wurin wanke-wanke a buɗe don ɗumin ɗaki ya shiga. Mai dogon zama ya zagaye ƙasan motar da labulen leda mai kauri ko allunan soso, daga jikinta har ƙasa, don iska ta daina ratsawa. Wasu na jera damin ciyawa, amma ciyawa na kama wuta kuma tana tara ɓeraye, ban ga dalilin yin ta ba. Abin da na fi ba muhimmanci shi ne ɗan ma'aunin zafi mara waya da za a ajiye a inda bawul ɗin suke ko kusa da tanki, ana karanta shi daga ciki. Da shi mutum ya daina zato. A tuna kuma cewa soson da ake naɗe bututu da shi ba ya haifar da zafi, jinkirta fitarsa kawai yake yi. Bututun da babu ɗumin da ke kai masa zai daskare ko an naɗe shi, sai dai ya ɗan makara.

Tiyo, tankunan ƙazanta, da shawarar barin famfo na ɗiga

Hanya mafi sauƙi ita ce a cika tankin ciki da rana, a cire tiyo, a tsiyaye shi, a adana. Mai son ruwa kai tsaye zai iya sayen tiyo mai wayar ɗumi a jikinsa, amma dole ya naɗe kan famfon sansanin da bakin shigar motar, domin a waɗannan ƙarshen biyu ake daskarewa.

A gidan ƙasa ana ba da shawarar barin famfo na ɗiga da dare, kuma tana da tushe, tunda tana sauke matsi. A motar gida kuwa ruwan da ke ɗiga dole ya je wani wuri. Idan bawul ɗin tankin wanke-wanke a rufe yake, tankin zai cika ruwa ya dawo ta wurin wanka. Idan a buɗe yake, ɗigon zai riƙa daskarewa a cikin babban tiyon zubar da ƙazanta, layi kan layi, har ya toshe shi. Don haka a motocin Amurka an fi so a rufe bawul ɗin duka biyu, a bari tanki ya kai kashi biyu cikin uku, a zubar gaba ɗaya da tsakar rana, a tsiyaye tiyon. Bawul ɗin bahaya ba a barin sa a buɗe ko da rani. A Turai, inda masai ke da ƙaramin akwatin da ake zarewa a kai a zubar, masu zuwa wuraren wasan ƙanƙara kan bar bawul ɗin wanke-wanke a buɗe su ajiye bokiti a ƙasa, domin ƙanƙarar bokiti ana juye ta, ta cikin tanki kuwa sai ta ga dama.

Alamar "motar kowane yanayi"

A Amurka kamfanoni na liƙa wa motoci sunaye masu nuna cewa suna jure duk yanayin shekara, amma babu wata doka ko ma'auni guda da ya fayyace abin da wannan ke nufi. Ga wani kamfani yana nufin tagogi masu gilashi biyu da tankuna masu shimfiɗar ɗumi, ga wani kuwa ledar da aka rufe ƙasa da ita ce kawai. A Turai akwai gwaji na bai ɗaya. Motar da ta sami mataki na 3 an sa ta a ɗakin sanyi mai digiri 15 ƙasa da sifiri, ta kuma ɗumama cikinta zuwa digiri 20 cikin awa 4. Motocin Jamus da na ƙasashen arewacin Turai da dama na da daɓe hawa biyu, tankuna da bututu na zaune a tsakani inda ɗumi ke kaiwa. Tukunyar ɗumama ruwa ta kamfanin Truma na da bawul da ke buɗe kansa ya zubar da ruwanta idan sanyi ya kai kusan digiri 3, abin da kan ruɗa sabon mai mota ya ɗauka yoyo ne. Mai saye ya bar alamar, ya durƙusa ya duba inda tanki da bawul suke, ya tambaya ko ɗumi na kai musu.

Wa abin ya fi shafa?

Mai hawa don hutu, idan bututunsa ya fashe, hutunsa ne ya lalace. Amma akwai ma'aikatan da ke bin aikin gini ko rijiyoyin mai a jihohi masu sanyi irin su Dakota ta Arewa, da tsofaffi masu ɗan fansho, da iyalan da kuɗin haya ya kora suka koma tsohuwar tirela. A wurinsu daskarewar ruwa na nufin babu wanka, babu masai, da yara a ɗaki. Su ne kuma suka fi shiga tarkon hitar lantarki, tunda kuɗin gas ne ke musu nauyi. Inshorar motar gida da yawa ba ta biyan ɓarnar daskarewa, ana lissafa ta cikin sakacin mai mota, don haka gyaran daga aljihu yake fita. Mafi muni, idan gas ya yi ƙaranci ko batir ya mutu, wasu kan kunna murhun girki ko su kawo janareta kusa da taga. Iskar kabon monoksaid da waɗannan ke fitarwa guba ce, ba ta da wari ko launi, kuma ta kashe mutane a sanyin Texas. Ƙararrawar da ke jin wannan iska ta fi duk wani bututu muhimmanci, a gwada ta kafin hunturu.

Idan an riga an daskare

A kashe injin tura ruwa, a rufe famfon sansani, sannan a buɗe famfunan ciki don matsi ya sami mafita. A tayar da injin ɗumi, a buɗe kabad. Idan an gano inda toshiyar take, a bi ta da na'urar busar da gashi, ana farawa daga ɓangaren famfo ana komawa baya, don ruwan da ya narke ya sami hanya. Ba a kusantar da harshen wuta, domin bututun roba ne, kewayensa katako da soso ne, layin gas kuma ba shi da nisa. Bawul ɗin tankin da ya sandare ba a fizgar hannunsa da ƙarfi, sai ya narke. Ba a kunna tukunyar ɗumama ruwa sai an tabbatar cike take da ruwa, in ba haka ba wayar cikinta za ta ƙone nan take.

Bayan ruwa ya dawo, a rufe duk famfuna, a kunna injin tura ruwa, a saurara. Injin lafiyayyen layi yakan tashi ya cika matsi ya yi shiru. Idan yana tashi da kansa bayan kowane ɗan lokaci alhali babu wanda ya taɓa famfo, ruwa na fita ta wani wuri. A kashe shi, a ɗauki tocila da busasshen tsumma, a fara dubawa daga bayan masai.